Katangar Malam Bappayo

Malam Bappayo mutumin Gololo ne, amma a kasuwar Azare ya tsufa yana sayar da kwaɗo da makulli. Sana'ar ta dace da shi, don ko gaishe shi ka yi da fara'a sai ya shafa aljihu.

Shekarar da wayar salula ta shigo gari ya ƙara wa katangar yamma tsawo, wai maƙwabcinsa Malam Gali yana leƙe. Daga nan rufinsa bai sake ganin lafiya ba. Duk damina iskar hadari sai ta yaye kwanon ɗakin matarsa Fatu, ta jefa gidan Gali. Ya jibga duwatsu a tsakiyar rufin, a banza, don ba a tsakiya iskar take kamawa ba, ta bakin kwanon take shiga ta ɗaga.

Gali kuwa, bawan Allah, sai ya miƙe kwanon da guduma ya kawo har ƙofa.

"Biri ya yi kama da mutum," in ji Bappayo. "Duk faɗin Katagum iska ba ta san gidan kowa ba sai nasa? Turo ta yake yi." Ya daina amsa sallamarsa, ya sauya masallaci, bayan zaman shekaru lafiya. Abin haushi, wallahi.

Wata rana hadari ya haɗo, Fatu tana sheƙar gero a tsakar gida, ta kira shi.

"Malam, zo ka ga mai turo maka iska."

Ta watsa ƙaiƙayi sama. Iskar gabas ta kwashe shi, ya bugi doguwar katangar, ya rasa hanya, ya juyo yana kewaye kamar dawo a ƙwarya, ya shige ƙarƙashin kwanon. Kwanon ya motsa.

Bappayo ya zargi ƙaiƙayin, ya zargi Fatu. Ya ɗebo da hannunsa ya watsa, aka maimaita.

Da safe ya hau tsani ya fara rage katangar. Kansa na leƙawa ya ga ɗakin Gali da ke jikinta, rufi a fashe, ciyawa ta tsiro a ciki. Kwanon Bappayo ne ya yi ɓarnar, iyalin Gali suka koma rumfa, ba wanda ya taɓa faɗa masa. Kunya ta rufe shi.

Gali ya ɗago kai daga alwala.

"Malam Bappayo, riƙe tsanin da kyau, ƙasar nan da santsi."