Ranar da Muka Maida Tauraruwa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, na tabbata zai bar mini safiyar nan guda ta bakin rijiya, lokacin da wata jar saniya ta ratsa ciyawa ita kaɗai ta koma wurin mai ita. Shekaru sun ɗan tura tun daga ranar, amma har yau in ina taka keken ɗinki da rana tsaka, kasuwa ta yi shiru, sai in ga ƙafata ta tsaya da kanta, ni kuwa ina can.

Ni tela ne a kasuwar Dakoro. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani ya ɗauka makiyayi ke magana. Mahaifina ya sha yi mini tsiya cewa in aka miƙa mini igiyar shanu, sai na nemi inda zan sa mata maɓalli. Shi manomi ne, gonarsa na kan hanyar Birnin Lalle, dab da burtalin da shanu ke bi. Yana da wani amini Bafulatani daga kudu, can ƙetaren iyaka, wanda muke ce wa Baffa. Duk damina Baffa kan koro garkensa ya yi arewa wajen Tagriss, don ya ba masu gonaki wuri. In kaka ta yi sai ya juyo, ya sauka a gonarmu, shanunsa su ci kara su bar mana taki. Ina yaro, zuwansu ne babban abin kallona. Ƙahonni ake fara hangowa daga nesa, kamar wani daji ne ya tashi yana tafiya, sannan kukan 'yan maruƙa, sannan Baffa da sandarsa gicciye a kafaɗa.

Wata shekara ruwa ya yi gardama, 'yan shanun Baba suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Da Baffa ya zo ya ga turakun wayam, bai yi dogon jaje ba. Da safe muka tarar da wata jar karsana mai farin tabo a goshi ɗaure a gidanmu. Wannan shi ake kira habbanaye. Mai shanu ya ba ka saniya aro, ka riƙe ta har ta haihu sau uku, 'ya'yan su zama naka, sannan ka maida uwar ga mai ita. Ba shaida, ba rantsuwa, kunya ce kawai ke tsaron abin. Saboda tabon nan muka sa mata suna Tauraruwa. Baffa ya ce daga zuriyar shanun kakansa ta fito, kuma da ya faɗi haka ya kau da kai, kamar wanda ya aurar da 'ya.

Tauraruwa ta yi mana albarka. Ta haifi mace, ta haifi namiji, ta sake haihuwar mace. Nono ya dawo gidanmu, Inna ta koma yin cuku, Baba ya koma tafiya da ƙirji a buɗe. Da aka yaye ta ukun, ya ce to, bana in Baffa ya hauro sai ya tafi da abarsa.

Sai aka shiga shekarun nan da rediyo ba ya hutawa. Aka fara da rufe iyaka, daga baya aka ce ƙasarmu ta fita daga ƙungiyar ƙasashen yankinmu, wadda tun muna yara muke jin sunanta ba mu san me take yi mana ba. A rumfata aka yi ta muhawara. Wasu na cewa yanzu ne muka mallaki kanmu, wasu na cewa za mu ji a jikinmu. Ni dai ina taka keke ina gyaɗa wa kowa kai, don duk masu kawo ɗinki ne. Abin da na gani da idona, yadin da ke zuwa daga kudu ya yi tsada, shinkafa ta hau, fataken da ke cika kasuwar dabbobi suka ɗauke ƙafa. Ashe kuma akwai wata takarda da makiyaya ke ratsa iyaka da ita, wadda aka ce yanzu ba wanda ya san ko tana aiki. Ba mu taɓa sanin da ita ba sai da muka ga abin da rashinta ya jawo.

Damina ta faɗi, Baffa bai zo ba. Wata ta sake faɗuwa, shiru.

A damina ta biyun ne Baba ya fara ciwon da ya rage masa numfashi. Duk la'asar sai ya ja tabarmarsa bakin burtali ya zauna yana duban kudu. In na tashi daga kasuwa nakan je in zauna da shi. Ciyawa ta rufe hanyar shanun har ta fara fure, abin da ban taɓa gani ba. Wani lokaci hadari kan taso daga can ƙasa, ja-ja, mai kawuna da yawa, sai in ga kamar garken ne ya biyo ta sama tunda an hana shi ƙasa. Ba na faɗa wa Baba, amma na lura shi ma wurin yake kallo. Ita ma Tauraruwa, da ta ji ƙamshin ruwa sai ta daina kiwo, ta ɗaga kai ta fuskanci kudu, ta daɗe a haka.

Mukan samu Baffa ta wayar ɗansa jefi-jefi. Ya gida, lafiya. Ya shanu, lafiya. In Baba ya kawo zancen saniya sai Baffa ya ce a bar ta, ba sauri. Ni na ɗauki maganar yadda ta fito, na ce wa Baba ai mai abu ya ce ba sauri.

Baba ya dube ni ya ce, "Kai tela, in mutum ya ce maka rigarshi ba sauri, ka san tsirara yake kwana. Lahiyar nan tashi ta yi yawa." Ya yi tari, ya numfasa. "Kuma ni ba ni so in tahi in bar saniyar mutum ɗaure ga turkena. Ka nemo mamu mota."

Wannan ne karo na farko da ya ambaci tafiyarsa lahira a gabana. Inna ta yi ta faɗa, ta ce mutumin da ba ya iya kai wa masallaci sai ya huta a hanya ina shi ina iyaka. Baba bai fasa ba. Da aka fara yankan gero muka samu wani mai kamiyo, babbar motar kaya, da zai kai wake Maradi, ya yarda ya rage mana hanya. Ranar tafiya Baba ya ce a kwanto har da karsanar nan, 'yar Tauraruwa ta ƙarshe, wadda ta isa ɗaukar ciki. Na tambayi dalili, ya ce uwa ba ta tafiya da daɗin rai in ba ta ga ɗiyarta. Na yarda, tunda ni ba shanu na sani ba.

Tafiyar nan kamar a mafarki na yi ta. Ina zaune kan buhunan wake, Baba ya jingina da ni yana gyangyaɗi, mara nauyi kamar dami guda na kara. Gonaki suna wucewa, mata na ɗauke da zangarniya, rumbuna sababbi sun yi fari a rana. Tauraruwa ta ɗora haɓa a kan ƙarfen mota, idonta a lumshe, iska na kaɗa mata kunne. Na riƙa tunanin wai ko tana gane itatuwan da ta wuce tana maraƙa. Daga Maradi muka samu wata motar zuwa kudu, daga inda ta tsaya muka ƙarasa a ƙafa, muna tafiya muna hutawa.

A bakin iyaka wani ɗan duwan, wato jami'in kwastan, ya tare mu, saurayi mai ladabi. Ya ce umarni ne daga sama, dabba ba ta fita ta wannan hanya. Na fara zuba masa bayani irin na 'yan kasuwa, yana girgiza kai. Baba ya dafa sandarsa ya ce, "Ɗana, ba ta sayarwa ba ce. Habbanaye ce, lokacinta ya cika."

Yaron ya dubi saniyar, ya kai hannu ya shafa mata wuya ta inda masu shanu ke shafawa, nan na gane gidan da ya fito. Ya ce, "Baba, ta nan ba ni iya barinku, aikina ne. Amma yamma da nan akwai wata tsohuwar rijiya da garuruwan ɓangaren biyu ke shayarwa tun kahin a haihe ni. Ni ban taɓa jin an tambayi saniya inda ta kwana ba."

Muka sauka a wani ƙauye kusa, muka yi wa ɗan Baffa waya. Washegari da hantsi muna bakin rijiyar. Ciyawa ta kai gwiwa, raɓa ba ta gama bushewa ba, balbelu na sauka suna tashi. Na yi ta neman iyakar da ido, ban ga komai ba sai wata 'yar kwari da gawo guda biyu. Na kasa kunne ina jiran abin da na saba ji tun ina yaro, wato kukan maruƙa da ƙarar ƙahonni na gogar juna.

Sai ga mutum ɗaya ya ɓullo daga ƙetaren kwarin. Sanda gicciye a kafaɗa, malafa a ka, ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa. Ba kowa a bayansa. Amma duk 'yan taku sai ya waiwaya, yadda makiyayi ke duba na baya, sannan ya tuna ya juyo. Wannan waiwayen ne ya karya mini zuciya.

Baba ya ce a hankali, "Kwance mata igiya."

Na kwance. Baffa ya tsaya daga can, ya ɗaga kai ya yi wani kira mai tsawo, irin wanda ba kalma a cikinsa. Tauraruwa ta bar ruwan da take sha. Ta tsaya kamar mai tuno wani abu, kunnuwanta a miƙe. Ya sake kira. Sai ta taka, ba gudu ba gaggawa, ta gangara kwarin, ciyawa na buɗe mata hanya, farin tabon nan na sheƙi a rana. Da ta isa ta sa hanci a tafin hannunsa. Ya rungume wuyanta ya ɓoye fuskarsa a jikinta, mu kuma muka dubi rijiya don mu ba shi wuri.

Daga baya ya hauro, suka zauna da Baba a gindin gawo. Sun daɗe suna gaisuwa kafin fulako ya bar shi ya yi magana, kuma ko da ya yi, a taƙaice ya yi ta. Da hanyar arewa ta toshe, dole ya yi damina tsakanin gonaki. Yau tara, gobe ciwo, jibi ɓarayi, abin da ya rage ya sayar ya ci da iyali. Ya ce, "Ita kaɗai ta saura daga shanun kakana. Da tana hannuna da ita ma ta tahi. Allah ne Ya ɓoye ta wurinka."

Baba bai yi dogon jaje ba, kamar yadda shi ma ba a yi masa ba. Ya ce in kawo karsanar. Ya karɓi igiyar daga hannuna ya ɗora a cinyar Baffa. Baffa ya janye jiki, ya ce a'a, wannan halak ɗinku ce, shi ba ya karɓar kyauta a kan abin da ya riga ya bayar.

Baba ya ce, "Wa ya ce maka kyauta ce? Habbanaye ce. In ta haihu ukku ka maido mani abata."

Duk mun san Baba ba zai ga ko haihuwar fari ba. Baffa ma ya sani, don ya dube shi ya daɗe. Amma kyauta ce ake iya ƙi, amana ba a ƙinta. Ya naɗe igiyar a hannu ya ce, "In hanya ba ta buɗe ba hwa?"

Baba ya nuna ni da haɓa. "Ga tela nan. Ya san rijiya yanzu."

Muka tsaya muna kallonsu har suka shige cikin gero, tsoho ɗaya da shanu biyu. Da ya waiwaya a wannan karon, akwai abin dubawa a bayansa. A hanyar komawa Baba ya yi barci mai nauyi a kafaɗata, irin wanda ya daɗe bai samu ba.

Bai kai damina ta gaba ba. Ya cika a ɗakinsa, cikin natsuwa, ba saniyar kowa a turkensa. Watanni bayan haka ɗan Baffa ya kira ni ya ce karsana ta haihu, mace, kuma tana da ɗan fari a goshi. Na rufe rumfa na tafi gida na faɗa wa Inna, muka yi kuka muka yi dariya.

Har yanzu ana muhawara a rumfata kan fitar da muka yi, ko riba ce ko asara, kuma har yanzu ina gyaɗa wa kowa kai. Abin da na koya ba a rediyo na ji shi ba. Na ɗauka Baba ya yi wannan tafiya ne don ya sauke nauyi ya rufe magana, ashe ya je ne don kada maganar ta rufu. Manya na iya shiga ƙungiya su fita, hanya ta buɗe ta toshe, amma zumunci sai an bar wani abu a hannun juna yake rayuwa, abin da zai tilasta wa wani ya tashi ya nemi wani. Turken karsanar na nan a gidanmu. Matata ta ce yana kayar da yara, in tumɓuke shi, na ce ta bar shi, mai shi na nan tafe.