Kwanon da Na Ware wa Baba

Yau shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, kuma sai bana na san girman laifin da na yi masa.

Baba ɗan dako ne a bakin iyakar Jibiya. Tun yana saurayi ya zo daga wajen Maraɗi, ya ƙare ƙarfinsa a sauke buhuna. Da ya manyanta, wasu ƙananan ɗigo jajaye suka fito masa a ƙirji da baya, wasu kamar ƙwayar gero, wasu kamar dawa. Ba ƙaiƙayi, ba ciwo, sai dai in buhu ya goge ɗaya ya yi jini.

Ni kuwa, mai ganin na yi boko, na yanke hukunci cewa wata cuta ya kwaso wajen baƙi. Na ce rigakafi ya fi magani. Na sa aka ware masa kwano, na hana jikokinsa sa hannu a tuwonsa, mutumin da bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba.

"Ɗana, wanga ba cuta ba ta, tsufa na," ya ce. Shekara uku yana ci shi kaɗai a zaure, har Allah ya karɓi abinsa.

Bana sai ga irin ɗigon a ƙirjina. Na ruga asibiti a Katsina hankali tashe. Likita ya yanki ɗaya aka duba, ya nuna mini hoton abin da madubin ƙara girman abu ya nuna: ƙananan hanyoyin jini ne suka dunƙule wuri guda kamar zare. Ya ce shekaru ne ke kawo su, ba su da illa, ba a kuma ɗaukarsu. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Abin da Baba ya faɗa mini a zaure, shi na je har Katsina na jiyo.

Da yana raye, na san ba zai goranta mini ba. Dariya zai yi, ya matsa ya ce in zauna. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Bai bar gona ba, sai waɗannan ɗigon da na gada, da kwanon nan. A ciki nake ci yanzu, jikokina suna sa hannu, ba wanda ya hana su.

Allah ya jiƙan Baba, ni kuma ya yafe mini.