Kwandona da Jirgin Ikko

Ranar wata Laraba, a ranin shekarar da na shiga aji huɗu, na bi amalanken babanmu daga ƙauyenmu na gefen Kura zuwa tashar jirgin ƙasa ta Madobi. Ina zaune a kan kwandon tumatirina, ina jin kaina kamar wata hajiya. Baba ne ya yanka mini kunya biyu a bakin kanal, ni na yi dashe, ni na yi ban-ruwa kullum bayan makaranta, ni na kori awakin maƙwabta da jifa. Burina ɗaya ne, kwandona ya hau jirgi ya je Ikko kamar na manya.

Kakata ta sha ba mu labarin cewa a zamaninsu gyaɗa jirgin yake kwasa, tun Turawa na nan, sai da ruwan madatsar Tiga ya iso gonakinmu tumatir ya samu shiga tarago. Layin dogon ɗaya ne, don haka wani lokaci jirgi kan tsaya a tasha har wani ya wuce, mu kuwa yara mu yi ta ƙirga taragai muna musu. "Kowa na jiran jirgi, shi ba ya jiran kowa," in ji ta.

Da dillali ya buɗe kwandona sai ya tuntsire da dariya. Ashe don son burgewa na bi na tsince jajaye zalla, waɗanda suka nuna luguf. Na jirgi kuwa da sauran kore ake tsinkarsa, ya ƙarasa nuna a hanya. Ya ce nawa kafin Zariya ya zama miya. Ina tsaye aka loda na Baba, aka ɗaga koren tuta, jirgi ya yi kuka ya tafi, ni ma na fashe da nawa kukan. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na rantse ba ni ba noma.

A gida Kaka ba ta lallashe ni ba, wuƙa ta miƙo mini. Muka zauna a gindin darbejiya muka yayyanka shi, muka shanya a kan tabarmi, na kwana shida ina korar kaji. Da ya bushe ya zama kauɗa, ta ɗura a ƙaramin buhu ta ɗinke. Larabar sama dillalin ya jinjina buhun ya ce, "Yauwa manomiya, wannan ko Ikko biyu ce zai je." Da hannuna na tura shi cikin tarago, na bi jirgin da gudu ina tsalle har takalmina ya tsinke.

Yanzu manyan motoci ke shigowa har bakin gona, ciyawa ta rufe inda muke tsayawa, Kaka kuma ta daɗe da rasuwa. Ina kewar kukan jirgin nan, musamman idan na ga an shanya kauɗa. Har yau ban taɓa zuwa Ikko ba, amma tumatirina ya je.