Jiragen da Baba Yake Kallo Daga Ƙasa

Mahaifina mai gyaran agogo ne, da haka duk layinmu aka san shi. Amma in ni za ka tambaya, agogo neman abinci ne kawai. Ainihin aikinsa yana ɗan ɗakin da ke bayan shago, wanda Mama take kira filin jirgi in ranta ya ɓaci.

Jiragen yaƙi ne na roba, irin waɗanda suke zuwa a kwali gunduwa-gunduwa, mutum ya yanko ya haɗa da gam. Tun ina rarrafe nake shaƙar warin gam da fenti. Kayan aikinsa reza ce, da hantsakin da yake ɗaukar ƙusoshin agogo da shi, da buroshi siriri kamar gashin gira, da gilashin nan na ido ɗaya. In ya gama jirgi sai ya ɗaure shi da zaren kamun kifi ya rataye a silin. Da an kunna fanka sai su fara lilo a hankali, inuwarsu tana yawo a bango. Ni dai har na girma ban taɓa son shiga ɗakin ni kaɗai ba.

Baba ba ya fentin saman jirgi, ko ɗigo. Sauran masu wannan sha'awa saman suke ƙawatawa, da mazaunin matuƙi, da tambari. Shi kuwa sai ya bar saman da launin tokar da ya zo da shi, ya kifar da jirgin, ya kwashe makonni a kan cikinsa. Takardar bayanin da ke cikin kwali ma ba ya bin ta. Ya yanke fiffike ya matsar da shi baya, ya ciro tankin mai daga wani kwalin ya liƙa, ya cike rami ya goge da samfefa har ya yi sumul. Daga ƙarshe sai ya ja wasu baƙaƙen layuka masu kauri a gicciye, tun daga wannan fiffike har wancan. Sannan ya shimfiɗa tabarma, ya kwanta rigingine, ya zuba wa jirgin ido. Can sai ka ji ya ce, "Ba shi ba ne." Ya tashi ya buɗe sabon kwali.

Akwai wani tsohon makanikin jiragen soja da yake kawo masa gyaran agogo. Ranar da ya leƙa ɗakin ya yi dariya har da riƙe ciki. "Mai agogo, aikinka ba makusa, amma waɗannan layukan fa? Na tsufa a ƙarƙashin jirage, ban taɓa ganin mai zanen jakin dawa a ciki ba." Baba ya ce, "Ni na gani."

Sai da na yi hankali na tsare shi da tambaya, don ni ba a barina a duhu. Na ce, "Baba, wai jirgin wa kake nema ne haka, kamar wanda ya ba da ajiya?"

Ya daɗe yana goge buroshi kafin ya amsa. Ya ce lokacin yana ƙarami an yi yaƙi a inda suka taso. Wata rana da tsakar rana ya bi yayarsa wanki bakin famfo, a wani fili bayan makaranta. Jirgi ya sauko ƙasa-ƙasa. Daga nan bai san komai ba sai da ya farka a kafaɗar wani mutum yana gudu da shi. Yayar ba ta tashi ba, kuma ba ta bar hoto ko ɗaya ba.

"An ce min tana da wushirya," in ji shi. "An ce min ne, ban tuna ba. Cikin jirgin nan kuwa ina ganinsa kamar yanzu. Kin ji rashin adalci? Abin da ya kashe ta ya zauna min a ka, ita kuma ta goge. Ina ganin in na haɗa shi daidai, na kwanta na kalle shi yadda na kalle shi ran nan, sauran zai dawo. Fuskarta nake nema, ba jirgi ba."

Wallahi tun daga ranar na daina yi masa tsiya, ko da yake bakina ba ya iya shiru.

Shekaru suka ja. Mama ta rasu, hannun Baba ya fara rawa, yanar ido ta rufe masa gani har agogo ya gagare shi. Da aka yi masa aikin ido na dawo gida jinya. Likita ya ja kunne: ban da ƙura, ban da warin fenti, ban da kallon rana. Akwai jirgi ɗaya a kan teburinsa da ya gama komai nasa kafin a kwantar da shi, layukan nan kawai suka rage.

Wata rana ina tsakar gida ina wanki, hannuna duk kumfa, sai ga shi ya fito da jirgin da tabarma a hammata.

"Uwata, na gano kuskurena. A ɗaki nake kallonsu, shi kuwa a fili na gan shi, rana tana tsaka. Rataya min shi a igiyar shanya."

Na ce, "Baba, kai da likita wa ya fi taurin kai? So kake a ce ni na makantar da kai?"

"Sau ɗaya tak."

Tsoho in ya kafe sai Allah. Na ɗaure jirgin a igiya, ya kwanta a ƙasa, na tura shi ya taho yana zamewa ta kansa. Daidai nan rana ta fito daga bayan gajimare ta dallare masa fuska. Ban yi tunani ba, na durƙusa ta wajen kansa na kifa jiƙaƙƙen tafina a kan idanunsa.

Sai na ji jikinsa ya sandare. Na tsorata zan janye, ya damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Kada ki ɗauke. Buɗa yatsun kaɗan."

Na buɗa. Jirgin yana lilo a samanmu, shi kuma yana kallonsa ta tsakanin yatsuna. Na ji ruwa mai ɗumi yana bin tafina.

"Shi ne," ya ce da wata murya ta yaro. "Ga layukan nan. Ashe ba fenti ba ne, Uwata. Yatsunta ne. Hannunta a jiƙe yake, yana warin sabulu."

Na ce, "Ka gan ta, Baba? Ka ga fuskar?"

Ya girgiza kai a ƙarƙashin hannuna. "Ba zan gan ta ba. Ta baya ta rungumo ni, ta rufe min ido don kada in gani. Ni kuma na leƙa."

Bai sake buɗe kwali ba. Jiragen suna nan a silin da baƙaƙen layukansu, ya hana a sauke, ya kuma hana a kunna fankar ɗakin. Yanzu ba ya yawan magana. Amma wani lokaci da rana tsaka, in ya ji ina wanki, sai ya jawo tabarmarsa kusa da baho ya kwanta, ya ce, "Yaya, zo." Ba na gyara masa sunan. Ba na kuma goge hannuna kafin in je.