Gunar da Ban Ɗanɗana Ba

Mutanen yanzu, da zafi ya ɗan taso sai su kama ƙorafi kamar a kansu aka fara bazara. Ni na tashi a wani ƙauye tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, a shekarun da jirgin ƙasa labarinsa kawai muke ji a bakin fatake. Rairayi yana ƙona ƙafa tun hantsi, rijiyarmu kuwa sai an ƙulla igiya biyu kafin guga ya taɓa ruwa.

A gidanmu maganin wannan zafi yana hannun Iya, kakata ta wajen uba. Tana da wani haɗi da take kira jiƙon bazara, wanda wuta ba ta taɓa shi. Tun da asuba take jiƙa tsamiya, ta fasa ƴaƴan kuka ta jiƙa su daban. Sai ta tono guna daga ƙarƙashin rumbu, inda muke binne ta cikin yashi tun lokacin girbi, ta kankare cikinta da ludayi, ta murje da hannu ta tsince iri. Ta tace tsamiya da kuka a kai, ta yanka albasa ƙanana, ɗan gishiri, ɗan barkono, ta burge da maburgi. Daga nan ta juye a tukunyar ƙasa, ta binne ta har wuya cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, ta rufe da faifai. Kafin azahar ya yi sanyin da har haƙori yake ji.

Doka ɗaya gare ta. Kowace guna sai an ɗanɗana ta kafin ta shiga ƙwarya, domin akan sami mai ɗaci kamar kwartowa, kuma ido ba ya gane ta. Ni kuwa da gaggawa aka haife ni. Iya takan ce, "Ke uwar garaje, harshe kafin hannu!" Ni kuma in ce mata tsohuwa ba ta rasa mita. Haka muke, kullum cikin tsokanar juna.

Shekarar da na fara cikakken azumi, watan ya faɗo a tsakiyar bazara. A cikinsa zazzaɓi ya kwantar da Iya. Zazzaɓin ya sauka, amma ya tafi da cin abincinta. Inna, mahaifiyata, ta dama kunu, Iya ta kau da kai. An kawo fura da nono, ta kurɓa sau ɗaya ta ture. Kwana huɗu ba abin da ya wuce maƙogwaronta sai ruwa. Baba yana can kasuwar Maigatari da jakunansa, muka aika masa ya dawo. Na ji wata maƙwabciya tana ce wa Inna a hankali, tsoho in ya saki abinci to ya fara sallama ke nan. Wallahi ranar na tsorata.

Da safiyar kwana na biyar ina yi mata fifita, sai ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba, "Da za a sami jiƙon nan."

Ban tsaya jin ƙarshen maganar ba. Guna uku suka rage a ƙarƙashin rumbu, na tono su duka. Na fasa su na jera, sai na tsaya cak. Ina azumi. A wautata, da harshena ya taɓa gunar nan, shi ke nan azumina ya karye, ni da nake ƙirga kwanakina ina yi wa ƙawayena gori. Inna ta tafi rijiya, kuma ko tana nan girman kai ba zai bar ni in tambaye ta ba, don so nake a ce ni kaɗai na yi. Na duba su, duk farare tas. Na shinshina, ban ji komai ba. Na ce Allah ya sa a dace, na kankare su ukun cikin ƙwarya ɗaya.

Sauran aikin ban yi masa ha'inci ba. Na tace tsamiyar sau biyu, na burge har hannuna ya gaji, na yi ta yayyafa wa yashin ruwa kamar mai renon shuka.

Bayan azahar na ɗebo a ƙoƙo na kai mata. Na tallafo ta ta jingina da bango. Ta kurɓa, ta tsaya, ta dube ni. Sai ta sake kurɓa. A hankali a hankali har ta shanye rabin ƙoƙon, ta koma ta kwanta. Ni kuwa na fito ina ta fankama, na ce wa Inna ta ga aikin manya.

Da rana ta faɗi aka kira sallah, na ce da jiƙona zan sha ruwa. Na cika ludayi na kafa kai. Wayyo Allah! Ɗaci kamar maɗaciya, har cikin kunnena na ji shi. Na tofar, na kurkure baki, bai tafi ba. Inna ta taɓa da yatsa ta lasa, ta riƙe baki ta ce, "Wannan kika ba mara lafiya?"

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Abu ɗaya tsohuwar nan ta roƙa cikin kwana biyar, na ɓata shi, ga shi ba sauran guna a gidan. Na shiga ɗakinta ina kuka, na durƙusa a bakin gado.

"Iya, ban ɗanɗana ba. Tsoron azumina na ji."

"Na sani," in ji ta. "Tun kurɓar farko na sani. Wa ya ce miki taɓawa da harshe a tofar yana karya azumi? Uwar garaje, ga wauta."

"To don me kika sha?"

Sai ta ce, "Tun da na kwanta, duk abin da aka sa min a baki ƙasa nake ji. Kunu ƙasa, nono ƙasa. Na ɗauka harshena ya riga ni tafiya, ni ma na fara shirin bin sa. Sai ga wannan abin naki. Ɗaci ne, amma na ji shi."

Ina ta jan majina. Ta zungure ni da ƙafa.

"Tashi ki ba ni wuri. Je ki ce wa uwarki ta dama min kunu mai tsami, in wanke wannan masifar da kika ɗura min."

Inna tana bakin ƙofa, ta ji komai. Ko sallar magariba ba ta yi ba tukuna, ta juya da gudu ta hau hura wuta.