Ruwan Baƙo Da Na Mayar Tarko

A lokacin da abin nan ya faru ni magidanci ne, furfura ta fara keto mini a gemu, mutumin wani ƙauye a ƙasar Damagaram, ina aiki a wani gidan burodi a unguwar Abdulkafi cikin birnin Sabha, can ƙetaren sahara. Karatuna bai wuce na allo ba, amma hannuna ya san kwaɓi, bakina kuma ya iya Larabcin mutanen nan. Mai gidan burodin dattijo ne mai faɗa, ba ya yabon kowa, sai dai bai taɓa danne mini haƙƙi ba. Shi ya tsaya mini har na sami iƙama, wato takardar zama, kuma ya ce da an gama gyaran ɗakin da ke bayan tanda in ɗauko matata da 'yarmu. Zancenmu ke nan da matata duk Juma'a a waya. Har ta fara sayar da awakinta, tana tambayata ko a Sabha ana samun daddawa.

Sai wani direban sahara da ke sayen burodi wurinmu ya fara yi mini ba'a. Ya ce da girmana ina ƙona gashin hannu a tandar wani, ya tambaye ni ko uwargida zan kawo ta zauna cikin toka. Daga baya ya ce akwai wani gidan saukar baƙi a gefen gari da ke neman dattijo mai jin Hausa, aikinsa kawai tarbar matafiyan da suka iso daga Agadas. Babu wuta, babu tashin asuba, kuma abin da zan samu ya isa in kama gida sukutum. Na daɗe ina juya maganar. Matata ta ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, ita ɗakin bayan tanda ya ishe ta. Na ce mata ba ta san harkar ƙasar waje ba. Da na yi wa maigidana sallama, ya dube ni ya ce ya san gidan da nake nufi, kuma tanda ba ta jiran kowa.

Aikin kuwa kamar yadda aka faɗa ne. Mota za ta tsaya, mutane su sauko leɓɓansu a tsattsage, ƙafafu sun kumbura. Ni kuma in fito da tulun ruwan sanyi da moɗa, in yi musu sannu da hanya, in tambayi garuruwansu, in kira su 'ya'yana. Wanda ya kwana cikin tsoro a sahara, da ya ji Hausa a bakin mai furfura sai jikinsa ya saki. Su biyo ni ciki, a rufe ƙofa. Abin da ke bayan ƙofar nan ban so rubuta shi ba. Ana karɓe musu waya, a kira iyayensu ana dukansu da tiyo don can gida su ji ihun su aiko da fansa. Ban yi mako ba na gane komai, amma na zauna wata da watanni. Har limanci nake yi wa waɗanda aka tsare. Wata rana mai gidan saukar baƙin ya shafa gemuna yana dariya, ya ce ya fi bindigarsa aiki. Ni ma na yi dariya. Tir da wannan dariya.

Cikin waɗanda suka sha ruwa a hannuna akwai wani tela. Da ya ji harshena ya tambayi ƙauyenmu, muka bi dangi, ashe maƙwabcin surukaina ne. Ya riƙe hannuna biyu ya ce Allah ya haɗa shi da ɗan'uwa. Na san abin da ke jiransa, kuma ni na shige masa gaba har ciki. Da aka sake shi yana ɗingishi, gida ya koma.

Juma'ar da labari ya kai mata, matata ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni kawai ko da wannan moɗar zan tarbe ta ranar da ta sauka daga mota ita da yarinya. Ta ce ta sake sayen awaki, kada in gyara mata ɗaki ko'ina.

Na gudu daga gidan nan na koma wurin tsohon maigidana. Wani ne tsaye a bakin tanda, ga wankin matarsa a shanye a ƙofar ɗakin da aka yi mini alkawari. Dattijon ya miƙo mini burodi ɗaya, amma da na kai hannu wajen kwaɓi sai ya janye kwanon. Iƙamata ta mutu babu mai sabunta ta. Yau ina ban ruwa a wata gonar dabino a Wadi Bawanis. 'Yata ta yi aure, ƙanena ya yi mata waliyyi, a waya na ji.

Ku masu sana'a a hannu, in aka yi muku tayin aiki mai sauƙi, ku tambayi me ake saye a jikinku. Ni ba ƙarfina aka saya ba, gaisuwata aka saya, da furfurata, da ruwan da iyayenmu suka koya mana ba baƙo. Ku saurari matanku, don su ma rayuwarsu ake ɗorawa a sikeli. Ina roƙon Allah gafara, ina roƙon telan nan in har wannan rubutu ya iske shi. Har yanzu in matafiyi ya ratso gona ya roƙe ni ruwa, nuna masa famfo nake yi ya sha da kansa.