Mai-raga da 'Yan Ƙwari

Yayana mutum ne mai kishi, kuma ba da mutane kaɗai ba. Tun ina yarinya aikinsa ɗaya a hukumar tsafta, tsamo ƙazanta daga rafin da ke bayan garejin makanikai. Raga mai dogon mariƙi, takalmin roba har gwiwa, buhu a kafaɗa. Baƙin mai, leda, gwangwani, mushen kyanwa, duk shi ne. Mai-raga ake ce masa. In masu wanki suka yi masa sannu da aiki, sai ka ga yana tafiya kamar shi ya haƙa rafin.

Sai hukumar ta kawo wasu 'yan na'urori, kowace ba ta fi kyankyaso ba. A sake su da safe, su bi ruwa su kaɗai suna tsotse mai, da yamma su koma akwatinsu. Jama'a suka sa musu 'yan ƙwari. Masu wankin nan suka koma leƙen ruwa suna yaba su, shi kuwa ko kallo bai ishe su ba. Ga haushi, ga tsoron a ce ba a bukatarsa. Wallahi har abinci ya daina shiga masa. Na tambaye shi wai da ƙarfe yake kishi, ya ce in rufe masa baki.

Dabarar da ya yi, ni dai ban taɓa jin irinta ba. Kullum sai ya riga su shiga, ya shimfiɗa tsumma a kan ruwa ya kwashe man tas, wai don su koma ciki wayam, hukuma ta gane ba su da amfani. Ni kaɗai ya gaya wa. Ƙafafunsa suka tsattsage, bayansa ya riƙe, shi ko sai murna yake.

Ashe ma'aikatan hukumar ba cikin ƙwarin suke dubawa ba, ruwan suke aunawa, suka ga bai taɓa kyau haka ba. Shugaban sashe ya zo da kansa, ya gode wa Yaya a gaban kowa, ya ce ya huta haka nan, na'urori sun wadatar. Ya so ya faɗi gaskiya, to wa zai yarda? Aka karɓi ragar.

Na tanadar masa tsiya iri-iri, amma da ya shigo gida na kasa. Ya daɗe zaune yana matsa ƙafa, can ya ce, "Ƙanwata, kin san abin haushin? Da hannuna na yi musu suna."